Yadda Ake Shirya Zane-zanen Fentin Akirilik Domin Baje Koli

Abin da yake fara burge duk wanda ya soma aiki da fentin akirilik shi ne saurin bushewarsa. Ka shafa launi, ka juya ka wanke buroshi, kafin ka dawo har ya bushe, kana iya ɗora wani a kansa. Wannan sauri ne ya sa masu zane suka rungume shi tun da aka fara sayar da irin wanda ake sirkawa da ruwa a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, kuma shi ne yake yaudarar sabon hannu idan aka tsayar masa da ranar baje koli, domin sai ya ɗauka zai iya ci gaba da zane har jajibirin buɗewa. Abin da ya bushe a cikin minti 20 fatar sama ce kawai. Fentin akirilik garin launi ne da aka dama a cikin ruwa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba. Idan ruwan ya tashi sai ƙwayoyin su matso su manne da juna su zama fata guda, kuma wannan mannewa tana ci gaba kwanaki, a inda fenti ya yi kauri ma har makonni, bayan yatsa ya daina ɗaukar launi. Kusan duk matakan da zan kawo a kan wannan suka dogara.

Zan ɗauki misalin baje kolin mutum ɗaya mai zane 12, matsakaita da manya, da wata huɗu na shiri, saboda irinsa na fi yi.

Kayan da za ka tanada

A wajen fenti kada ka yi tsumulmula. Kamfanoni irin su Liquitex da Winsor & Newton suna fitar da daraja biyu, ta ɗalibai da ta ƙwararru, kuma bambancinsu yana cikin yawan garin launin da aka zuba. Idan kuɗinka ba su kai ba, ka yi shimfiɗar ƙasa da na ɗalibai, ka ajiye na ƙwararru domin shafin sama da ido zai gani. Launi bakwai sun ishe ka, kuma da yake sunayen da ake rubutawa a jikin kwalba suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, gara ka riƙe lambar garin launin, wadda ita ba ta canzawa: farin titaniyam PW6 ne, shuɗi mai karkata zuwa shunayya PB29, shuɗi mai karkata zuwa kore PB15, rawaya mai haske PY74, rawaya mai kalar ƙasa PY42 ko PY43, jan ƙasa PBr7, sai ja mai karkata zuwa ruwan hoda PR122. Fari ka saye shi a babban gwangwani, domin shi yake riga ƙarewa. Ka duba jikin kwalbar ka ga an rubuta ASTM I ko II, alamar cewa launin yana jure haske. Launuka masu walƙiya irin na allon talla suna koɗewa da wuri, fentin fosta na 'yan makaranta kuwa ruwa yana wanke shi ko bayan ya bushe, don haka duka biyun ba su da wuri a zanen da wani zai biya kuɗi ya rataya a falonsa.

Bayan fenti kana bukatar jeso, wato farin shafin da ake yi wa yadi kafin a fara zane, da midiyom, wato ruwan robar da ake yin fentin da shi amma babu launi a cikinsa, mai ruwa-ruwa da mai kauri kamar man shafawa, dukkansu masu sheƙi. Sai banish na masu zane, wato ruwa garai da ake shafawa a ƙarshe domin ya kare fuskar zane, irin wanda ake iya cirewa daga baya. Yadin da ya fi dacewa shi ne kanbas na auduga mai nauyin oza 10 ko 12. Buroshi ka nemi masu gashin roba, domin ruwa yana lalata gashin dabba, ka haɗa da mai faɗin inci 3 domin jeso da wani mai laushi wanda ba zai taɓa komai ba sai banish. Sauran su ne wuƙar fenti, sitefila ta kafintoci, filaya, samfefa mai laushi, tef ɗin awo, kwalbar feshin ruwa, bokiti biyu, tsummoki, alli, kwali mai kauri, guntayen soso na katifa, da waya da zobban ƙarfe na ratayewa. Majinginin zane yana da amfani, amma ƙusa biyu a bango suna yin aikinsa.

1. Ka je ka ga zauren, sannan ka ƙirga kwanaki daga baya

Kafin ka sayi ko kwalba ɗaya, ka ɗauki tef ka je inda za a yi baje kolin. Ka auna tsawon kowane bango da tsayinsa, ka auna faɗin ƙofa, ka duba ko bangon siminti ne ko katako, ka tambaya ko an yarda a buga ƙusa, ka lura da inda haske yake faɗowa da abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Ka kuma nemi a rubuta maka ranar kai kaya, da kason da masu zauren za su cire a duk zanen da aka sayar, da wanda zai ɗauki nauyin jigila da asarar da ka iya faruwa. Maganar baki a wannan wuri takan jawo ɓacin rai tsakanin mutanen da suka fara da mutunci.

Sannan ka zauna da kalanda ka fara daga ranar buɗewa kana komowa baya. Kwana uku kafin buɗewa ya kamata kaya su isa zaure. Banish yana bukatar mako guda ya yi ƙarfi kafin a naɗe zane. Shafa shi tare da shafin kariyar da ke ƙarƙashinsa, wanda zan yi bayaninsa a mataki na 9, yana cin kwana huɗu. Kafin nan kuma fentin kansa yana bukatar mako biyu yana shan iska. Jimla kwana 28 ke nan, ma'ana ranar da za ka ajiye buroshi ita ce mako huɗu kafin buɗewa. Idan ka cire mako uku na gwaje-gwaje da haɗa firam da jeso, abin da ya rage maka a wata huɗu mako goma ne na ainihin zane. Ka rubuta ranar ajiye buroshi da manyan baƙaƙe ka manna a bango.

2. Tsayar da jigo

Baje koli yana bukatar zaren da zai ɗinke zanen farko da na ƙarshe, ta yadda mai kallo zai ji magana ɗaya ake yi masa. Jigon ba sai ya zama mai nisa ba. Adon da magina suke yi a fuskar gidajen tsohon birnin Zariya, ko ramukan baba a marinar Ƙofar Mata a Kano da yadda shuɗi yake sauyawa daga rami zuwa rami, kowannensu ya isa ya ciyar da zane 12 ba tare da an maimaita ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai ke nan, cewa mai zane ya ɗauki dabarar da ya koya a aji ya yi aiki da ita a kan abin da ya gada a gida.

Ka yi ƙananan gwaje-gwaje a takarda mai kauri, kamar faɗin tafin hannu biyu, da ainihin fentin da za ka yi amfani da shi, ka jera su a ƙasa ka duba. A nan ne za ka zaɓi launi huɗu ko biyar da za su riƙa dawowa a dukkan aikin. Ka shirya wa zane 14, domin a ƙarshe biyu za su gaza, kuma gara ka sami abin cirewa da a ce dole ta sa ka rataya wanda ranka bai kwanta da shi ba.

3. Firam da ɗaure yadi

Ka gaya wa kafinta katako busasshe kake so, ka kuma duba da kanka: ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma idan hunturu ya buge shi sai ya murɗe, zanen ya ɗaga kusurwa ɗaya daga bango. Ka duba ko akwai ƙananan ramuka ko garin katako, alamar ƙwari. Ka sa ya fere fuskar katakon ta gangara zuwa ciki, ta yadda yadin zai taɓa bakin waje kawai, in ba haka ba duk inda buroshi ya bi ta kan katako sai layi ya fito a zanen. Firam ɗin da ya wuce mita ɗaya yana bukatar sanda a tsakiya. Kafin ka karɓa, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake.

Ka shimfiɗa yadin a ƙasa mai tsabta, ka ɗora firam a kife, ka tabbata zaren saƙar yana tafiya daidai da katako, ka yanka da rarar santimita 8 ta kowane gefe. Ka buga sitefila ɗaya a tsakiyar gefe guda ta baya, ka koma gefen da ke fuskantarsa ka ja da filaya ka buga, haka sauran biyun. Daga nan sai ka riƙa matsawa zuwa kusurwa kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kada ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa sauran. Kusurwa ita ce ta ƙarshe, ana ninke ta a kwantar a saman firam ko a ƙasansa, inda mai kallo ba zai gani daga gefe ba. Kada ka ja ɗanyen yadi har ya yi tauri kamar fatar kalangu, saboda jeso zai ƙara tsuke shi, kuma ƙarfin wannan tsukewa yana iya lanƙwasa firam.

Idan ba ka sami kanbas ba, yadin kaki mai kauri na auduga zalla yana aiki, bayan ka wanke sitacinsa ka goge. Akoko ya yi shara-shara da yawa a ɗaure shi a firam, amma idan ka manna shi a kan filawud da midiyom yana ba da fuska mai daɗin aiki.

4. Shafa jeso

Shafin farko ka sirka shi da ruwa kaɗan domin ya shiga cikin saƙar, ka fara daga tsakiya ka nufi gefe, ka haɗa da kaurin firam ɗin ta ko'ina. Idan ya bushe ka goga samfefa sama-sama, ka share garin da tsumma mai ɗan danshi, ka yi na biyu a gicciye da na farko, sannan na uku. Ka ɗaga shi ka duba ta hasken taga. Idan kana ganin ƙananan huda kamar na allura, yana bukatar ƙari. Ka bar shi ya kwana kafin ka fara zane.

A kan filawud akwai ƙarin aiki. Ruwan jeso yana jawo launin katako ya fito ya mai da fari ruwan ƙasa, don haka ka fara rufe shi da shafi biyu na midiyom mai sheƙi, kuma ka shafa bayansa ma don kada ya lanƙwashe.

Ɗalibai da yawa suna maye gurbin jeso da farin fentin bango na ruwa da aka haɗa da farin gam na kafintoci. Domin koyo babu laifi. Domin zanen sayarwa ni ban yarda da shi ba sai dole, saboda an yi fentin bango ne domin bangon da ba ya motsi, yadi kuwa yana miƙewa yana tsukewa tsakanin damina da rani. Idan dolen ta kama, ka shafa haɗin a ƙyalle, ka bar shi kwana uku, ka ninke shi ka murza. Idan ya tsage ko ya yi gari, ka ƙara gam. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne shimfiɗa da fentin mai irin na ƙofa da taga, domin akirilik ba ya kama mai, zai ɓare kamar ɓawon albasa.

5. Kashe farin da fitar da siffa

Farin yadi yana ruɗar ido, duk launin da ka sa a kansa sai ya yi kamar ya fi duhu. Ka sirka jan ƙasa ko rawayar ƙasa da ruwa da ɗan midiyom, ka shafe yadin gaba ɗaya da tsumma. Idan dukkan zane-zanen suka tashi daga shimfiɗa ɗaya, wannan kaɗai yana ba su kamannin 'yan gida ɗaya. Siffa kuma ka fitar da ita da alli ko da siririn buroshi. Gawayi yana ɓata launi mai haske, layin fensir kuma yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti marar kauri.

6. Ainihin aikin fenti

Matsalar farko ita ce fenti yana bushewa a faranti kafin ka yi amfani da shi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da iska take bushe ƙarau. Maganinta faranti mai danshi, kuma kai za ka haɗa abinka: ka sami roba mai faɗi mai murfi, ka shimfiɗa siririn soso ko tsumma mai ruwa a ciki, ka ɗora takardar da ake shimfiɗawa a gasa kek, ka matsa fentinka a kanta. Danshin da yake ratsowa yana riƙe fentin yini guda, idan ka rufe ma har gobe. Ka riƙa wanke soson duk bayan kwana biyu ko uku, musamman da damina, don kada ya yi funfuna. Kwalbar feshi kuma ta kasance a hannun hagunka, kana ɗan fesa wa faranti da inda kake aiki. Akwai ruwan da ake sayarwa mai jinkirta bushewa. Ka bi adadin da aka rubuta a jikinsa, domin idan ya yi yawa fentin yakan yi kwanaki yana danƙo. Ka kashe fanka, ko ka juya ta ga bango.

Matsala ta biyu ta fi wuyar sabo. Ruwan robar da ke cikin fentin fari-fari ne kamar madara idan yana ɗanye, idan ya bushe sai ya zama garai, saboda haka launin da ka haɗa yakan ƙara duhu bayan bushewa. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙoƙarin gyara wani ɗan wuri a sararin sama, kowane gyara yana fitowa kamar faci. Ka haɗa launinka ya ɗan fi abin da kake so haske, ka shafa a guntun takarda, ka jira ya bushe, ka kara shi da zanen. Launin da zai rufe wuri mai faɗi, ko wanda zai dawo a zane da yawa, ka haɗa shi da yawa tun farko ka zuba a kwalba mai murfi, ka shafa ɗigonsa a murfin, ka rubuta abin da ka haɗa. Ni ina da littafi guda da ba na rubuta komai a cikinsa sai wannan.

Ka fara da manyan wurare da babban buroshi, duhu da haske tukuna, ƙananan abubuwa daga baya. Shafin farko ya zama marar kauri, kauri ya zo a ƙarshe. Idan kana son launi ya yi shara-shara har na ƙasa ya riƙa lekowa, kamar yadda baba yake hawa yadi tsomi bayan tsomi, ka sirka shi da midiyom. Ruwa zalla idan ya yi yawa yana raba ƙwayoyin robar, sai launin ya kwanta ba ƙarfi, ya biyo buroshi ranar da za ka shafa kariya. Inda kake son tudu da wuƙar fenti, gara ka gina shi hawa biyu ko uku da ka tula shi gaba ɗaya, domin tulin yakan yi fata a sama ya riƙe ruwa a ciki.

Kada ka gama zane ɗaya kafin ka fara na biyu. Ka jera uku ko huɗu kana zagayawa a tsakaninsu, wannan yana bushewa kana kan wancan. Amfaninsa ya wuce cin lokaci: hannunka yana canzawa a cikin mako goma, kuma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na farko da na ƙarshe za su fito kamar aikin mutum biyu. Duk bayan rabin awa ka ja da baya taku biyar ko shida ka duba, domin daga nan mai kallo zai tsaya.

Ka yi aiki da hasken rana wanda bai faɗo kai tsaye a kan zanen ba. Idan dole ka yi da dare, ka sa farin ƙwan lantarki mai kama da hasken rana, ka kuma bar hukunci a kan launi sai da safe, saboda ƙwai mai ja-ja yana ɓoye rawaya yana kashe shuɗi. Wanda yake wuri mai sanyi kamar Jos ya sani cewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ƙwayoyin robar ba sa mannewa yadda ya kamata, don haka da asubar hunturu a jira rana ta ɗaga.

Buroshi kada ya bushe da fenti ko na minti biyar. Bokiti ɗaya na wankin farko, ɗaya na ɗauraya, da yamma kuma a wanke da sabulu har gindin gashin. Ruwan wankin ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka bar laka ta bushe ka zubar a shara, kada ka zuba inda kaji ko awaki suke sha. Launukan da aka yi da kadmiyam ko kobal ba a goga musu samfefa a shaƙi garin, ba a kuma sa buroshi a baki. Fentin da ya bushe a yatsa fata yake yi wadda ruwa ba ya ratsawa, saboda haka ka wanke hannu tun yana ɗanye, ka kuma duba gefen farce kafin alwala.

7. Tsayawa, zaɓe da sa hannu

Idan ka ji zane ya kusa, ka juya fuskarsa ga bango kwana uku ba ka kalle shi ba. Ranar da ka juyo shi, abin da ya fara tsone maka ido shi ne abin gyara. Idan babu, an gama. Yawancin zanen da na lalata a rayuwata a awa ta ƙarshe na lalata su, ina ƙara abin da ba a bukata.

A ranar ajiye buroshi ka jera duka 14, ka kira mutum ɗaya da ka yarda da idonsa wanda kuma ba ya jin nauyinka, ku cire biyu. Gefen firam ka yanke masa hukunci guda ga dukkansu, ko a shafe da launi ɗaya mai duhu, ko zanen ya zagayo, amma kada a bar shi da tabon yatsu. Ka sa hannu da fenti a ƙasa, ƙarami, kafin kariya. A baya, a kan katako ko rarar yadin da ta zagayo, ka rubuta sunanka, sunan zanen, shekara da girma. Kada ka rubuta da alƙalamin maka a tsakiyar bayan yadin, tawadar tana iya ratsowa gaba.

8. Jira da ɗaukar hoto

Mako biyun nan ka tsayar da zane-zanen a ɗaki mai iska, a kan guntayen katako don kada su taɓa ƙasa, fuska tana kallon bango amma ba ta taɓa shi ba. A cikinsu ne za ka ɗauki hoto, tun kafin sheƙin banish ya hana: a inuwa da safe, waya ko kyamara tana daidai tsakiyar zanen, ba filasha. Waɗannan hotuna su za ka bai wa mai buga katin gayyata, su ne kuma abin da zai rage maka bayan an sayar.

9. Shafin kariya da banish

Fuskar akirilik tana da taushi, idan aka yi zafi kuma takan yi ɗan danƙo ta kama ƙura, ƙurar ta zauna daram. Amfanin banish shi ne ya karɓi wannan datti, bayan shekaru a cire shi a sa sabo. To amma abin da zai narkar da banish yana iya taɓa fentin, shi ya sa ake sa shafin kariya a tsakani, wanda shi ba ya fita har abada. Ana haɗa shi da midiyom mai kauri mai sheƙi kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, a dama a hankali, a bar kumfa ta kwanta. Ka fara gwadawa a ɗaya daga cikin biyun da ka cire.

Ka share ɗakin tun daren jiya, da safe ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe taga, ka kashe fanka. Ka kwantar da zanen a tebur, ka share shi da busasshen buroshi mai laushi, ka shafa daga gefe zuwa gefe a layi-layi, kowane layi yana ɗan hawa na baya. Inda ka wuce kada ka koma, ko da ka ga ka tsallake wani wuri, domin ya riga ya fara kamawa, komawa kuma hazo take bari. Shafi na biyu zai rufe. Ka kifa babban kwali a sama kamar rumfa, ba tare da ya taɓa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai banish, shafi biyu marasa kauri ta wannan hanya, da tazarar da kamfanin ya rubuta. Banish juya shi ake yi da sanda, ba a girgiza kwalbar. Marar sheƙi yana ɗan dusashe launuka masu duhu, mai sheƙi yana ƙara musu zurfi amma yana mai da hasken fitila, matsakaici shi na fi zaɓa idan ban san fitilun zauren sosai ba. Ranar da ake tafka ruwan sama ka ɗaga aikin, laima tana sa shi yin fari-fari.

Idan ba ka sami banish na masu zane ba, ka tsaya a shafin kariya. Na kafintoci da ake shafa wa kujera yana komawa rawaya, kuma ba ya fita.

10. Waya, lakabi da farashi

Ka ɗaura zobban ƙarfe a katakon gefe biyu, kashi ɗaya cikin uku na tsayin zanen daga sama, ka ratsa waya ka murɗa ta sosai, ka tabbata idan an ja ta ba ta leƙo saman firam ba. Manyan zane ƙusa biyu suke so, kowane zobe da tasa. Lakabin kowane zane ya ɗauki suna, kayan da aka yi shi da su, girma a santimita da tsayi a gaba, da shekara. Ka rubuta bayanin jigonka a rabin shafi, da Hausa da Turanci idan masu kallon gauraye ne. Farashi ka yi shi bisa girma, ka sa kason zaure a ciki, ka buga a takarda, kuma kada ganin babbar riga ya sa ka canza shi, domin masu saye suna haɗuwa suna hira.

11. Naɗewa da jigila

A nan ne na yi asarar da ta fi yi mini ciwo. Na taɓa haɗa zane biyu fuska da fuska a bayan mota daga Zariya zuwa Abuja a watan Afrilu, mako guda kacal bayan na gama su, ina ganin sun bushe. Da muka isa sun manne, da na raba su kuwa kowanne ya tafi da fatar ɗan'uwansa, kuma ɗayan shi ne wanda aka buga a katin gayyata.

Ƙa'idar ita ce kada komai ya taɓa fuskar zane: ba leda, ba jarida, ba bargo, ba ledar nan mai ƙurajen iska, wadda take barin tambarinta a jikin banish. Ka yanka kwali ka yi wa kusurwa huɗu hula, ka ɗora guntun soso a kan kowace hula, sannan ka ɗora faffaɗan kwali a kan soson ta yadda akwai iska tsakaninsa da fenti, ka sa wani a baya, ka ɗaure da tef. Leda tana zuwa ne a waje da kwalin, saboda ruwan sama. A mota a tsaye ake jera su kamar littattafai, manya a baya, da soso a ƙasa, ba a kwance wani kan wani ba. Ka tashi da sassafe, kada kuma ka bar motar a rufe cikin rana.

12. Ratayewa

Ka jingina dukkansu a ƙasa a jikin bango tukuna, a kan soso, ka yi ta sauya musu wuri har jerin ya kwanta maka. Mafi ƙarfi ya fuskanci ƙofa. Ka bar tazara mai yalwa. Idan bango ya cika, cire ɗaya ya fi matsa su.

Tsakiyar kowane zane ya kasance santimita 150 daga ƙasa, komai girmansa. Lissafin ƙusa kuwa haka yake: ka raba tsayin zanen biyu, ka tara da 150, ka cire tazarar da ke tsakanin saman firam da waya idan an ja ta sama. Zane mai tsayin santimita 100 wanda wayarsa take santimita 12 ƙasa da sama, ƙusarsa tana kan 188. Ka daidaita shi da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Fitila ta sauko daga sama a karkace, kamar digiri 30 daga bango, sannan ka tsaya inda mai kallo zai tsaya ka duba ko sheƙi yana dukan ido.

Ka zo da ƙaramar jaka mai ɗauke da kwalaben launukan da ka haɗa, siririn buroshi, hama, ƙusoshi, tef, da jajayen ɗigon da ake mannawa a lakabin zanen da aka saya. Idan ka ga yadi ya saki saboda canjin iska, ka fesa ruwa kaɗan a bayansa, zai tsuke idan ya bushe. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa ka zagaya da busasshen buroshi mai laushi ka kaɗe ƙura daga sama zuwa ƙasa, ka kuma roƙi masu sharar zauren, tun ranar farko, kada su kai tsumma mai ruwa jikin zane.